Yadda ake binne kebul ɗin wuta daga falwaya zuwa sabon gida

Assalamu alaikum jama'a. Tun da muka gama aikin wani gida a bayan gari kwanakin baya, inda muka shigar da wuta ta ƙarƙashin ƙasa maimakon a ratayo waya ta sama ta bi ta kan katanga, tambaya ɗaya ake ta yi min: Malam yaya ake yi, me da me zan saya, kuma 'yan NEPA za su yarda kuwa? Na gaji da amsawa ɗaya bayan ɗaya a waya, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya. Abin da nake so ka riƙe tun daga nan shi ne duk abin da ka binne ka rufe da intalok to ya tafi kenan, gyaransa sai an fasa, saboda haka jerin matakan nan ba ado ba ne, in ka tsallake ɗaya za ka biya kuɗinsa sau biyu.

Wani abu kuma, kalmar mita za ta yi ta zuwa kala biyu, akwai mitar awo akwai mitar wuta. Duk inda na ce mita da lamba a gabanta to awo nake nufi.

1. Fara da ofishin wuta, ba da diga ba

Kafin ka kira lebura ko ɗaya, je ofishin kamfanin da ke raba wuta a yankinku. In Kano, Katsina ko Jigawa kake KEDCO ne, Kaduna, Sakkwato, Kebbi da Zamfara Kaduna Electric, Filato, Bauchi, Gombe da Binuwai JED, Adamawa, Borno, Yobe da Taraba na Yola, Abuja da Neja da Nasarawa da Kogi kuma AEDC. 'Yan uwa na Nijar NIGELEC za ku nufa. Ka cike fom na sabon haɗi, ka gaya musu ƙarara cewa ta ƙasa kake son shigar da wuta, sannan ka nemi su zo su nuna maka abu biyu da hannunsu: wace falwaya za su ba ka, kuma a ina za a kafa mita.

Wannan na biyun shi ne ke rikita mutane. Mitocin kati na yanzu da yawa gida biyu ne, ainihin mitar a saman falwaya ko a jikin katanga daga waje, ƙaramin abin danna lambar kuma a cikin ɗaki. Kamfani ba ya son ganin kebul ya nutse cikin ƙasa kafin ya isa mita, domin a nan ake satar wuta, ko da kai zuciyarka ɗaya. Mafi sauƙi mita ta kasance a farkon layi, wato a falwaya ko a bakin get, sannan kebul ɗinka ya nutse daga nan zuwa cikin gida.

Gargaɗi: kar ka bari wani yaro mai wayarin ya ce maka "Alhaji mu binne kawai, in sun zo ma san yadda za mu yi da su." In suka zo suka ce ba wannan falwayar ba, waccan ce ta tsallaken layi, kebul ɗinka ya gaza kenan, kuma amod kebul, wato kebul mai sulken ƙarfe a jiki wanda ake binnewa, ba igiyar guga ba ce da za a ƙulla mata ƙari. Sannan ka nemi mai wayarin da yake da takardar shaidar NEMSA, ita ce hukumar da ke tantance masu aikin wuta da duba wayarin a Najeriya, za a iya tambayarka takardar lokacin haɗi.

2. Lissafa lodin gidan kafin ka zaɓi kauri

Yawancin mutane a shago suke zaɓar kebul, mai shago ya kalli motar da ka zo da ita ya ce mai kaurin 16mm za ka sa. Ba haka ake yi ba. Zauna da biro ka rubuta abin da zai iya kunnuwa lokaci ɗaya a ranar zafi ta watan Afrilu. Wat ɗin kowane abu ka raba shi da 230 sai ya ba ka amp.

Misali gida mai ɗaki huɗu: AC guda uku masu hos ɗaya da rabi, kowace kusan amp 6, ka ga 18 kenan. Hitar banɗaki mai wat 1500 kusan amp 6 da rabi. Sumo na burtsatse kusan 5. Dutsen guga kusan 5. Firji da firiza ka ba su 3, fitilu da fankoki da talabijin ka ba su 4. Ka tashi da amp 40 da ɗoriya. Kuma ka tuna gidan Bahaushe ba ya tsayawa yadda aka zana shi, bayan shekara uku an yi bangaren amarya, an buɗe shago biyu a jikin katanga, ɗaya ma mai niƙa ko mai firizar ƙanƙara ya kama haya.

Amod kebul na kofa, wato jan ƙarfe, mai jijiya huɗu, wato wayoyi huɗu a cikinsa, in an binne shi, 10mm yana ɗaukar amp 50 zuwa 58 a kowace jijiya, 16mm kuma 64 zuwa 75, 25mm 82 zuwa 96, ya danganta da irin robar da aka naɗe shi da ita, PVC ce ko XLPE. Amma waɗannan alƙaluma an yi su ne da ƙasa mai sanyin digiri 20, ƙasarmu kuwa lokacin bazara kowa ya san ba haka take ba, don haka kar ka cika shi maƙil, bar masa sarari.

Sai kuma nisa, wanda shi ne mutane suka fi mantawa. Waya tana shan wuta a hanya. A fes ɗaya, wato in waya ɗaya ce mai wuta ta shigo gidan ba uku ba, 10mm yana zubar da milibolt 4.4 (milibolt dubu ne bolt ɗaya) a kowane amp a kowace mita, 16mm 2.8, 25mm 1.75. To ɗauki amp 40 ɗinmu a nisan mita 60: da 10mm za ka rasa bolt 10 da rabi, da 16mm bolt 7 bai cika ba. In nisan ya kai mita 150, 16mm ɗin ma zai cinye kusan bolt 17. Ƙa'ida dai kar asarar ta wuce kashi 5 cikin ɗari, wato bolt 11 da rabi a kan 230, kuma wannan har da wayarin na cikin gida. Yanzu ka haɗa da cewa wutar tamu sau da yawa tun daga taransifoma take zuwa lo, ka ga in ka matse kauri AC za ta yi ta gurnani ba ta tashi.

Ni ra'ayina, ko fes ɗaya za a ba ka yau, sayi mai jijiya huɗu. Rami sau ɗaya ake haƙawa. Jijiyoyin da ba a yi amfani da su ba a toshe bakinsu da kyau a bar su, kuma a sanar da kamfani suna nan. In kuɗi ya yi kaɗan akwai na alminiyam, ya fi araha nesa ba kusa ba kuma ɓarayi ba su cika damuwa da shi ba, sai dai dole ka hau mataki ɗaya: inda kofa 16mm zai yi, alminiyam 25mm za ka sa.

3. Fitar da hanya ka auna ta da igiya

Ɗauki toka ko farar ƙasa ka zana hanyar a ƙasa tun daga gindin falwaya har inda kebul zai shiga gini. Miƙaƙƙiya gwargwadon iko, in da hali ta bi gefen katanga da tazarar kamar mita ɗaya, domin ko bayan shekara ashirin kowa zai iya cewa ga inda take. Kauce wa sokawe da inda za a haƙa shi nan gaba, kauce wa inda matar gida ta ce za ta dasa mangwaro ko darbejiya, kauce wa inda za a yi rijiyar burtsatse.

Awon kuma da igiya za ka bi zanen, ba da ido ba. Bayan tsawon ƙasa sai ka ƙara hawan falwaya in mitar a sama take, wanda zai iya cin mita 7 zuwa 8, ka ƙara nutsewa cikin rami da fitowa, ka ƙara hawa bango zuwa canji-oba (makunnin sauya wutar NEPA da ta janareta) ko DB (akwatin da ke rarraba wuta a cikin gida), sannan ka ƙara rarar mita ɗaya zuwa biyu a kowane kai. Gara ya yi saura da ya gaza da taku ɗaya.

In har yanzu ana fandishan ne to ka ci sa'a, sa birkila ya saka fayif mai inci 3 ko 4 ya ratsa ta ƙarƙashin bango zuwa inda DB zai zauna kafin a zuba jaman fulo, da lanƙwasa mai faɗi ba gwiwa mai kusurwa ba. Haka ma a ƙarƙashin katanga. In an riga an gama gini sai dai a huda, ko kebul ya hau ta jikin bango daga waje.

Gargaɗi: in falwayar tana tsallaken titi mai kwalta, ba ka da ikon fasa shi da kanka, sai da izinin hukumar tsara birni, kamar KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna. In layin unguwa ne na ƙasa, sanar da mai unguwa da maƙwabta, ka tambaye su inda fayif ɗin ruwansu ya bi. Bakin manyan tituna kuma akwai wayoyin intanet na kamfanonin waya a binne, in ka tsinka ɗaya sai ka gwammace kiɗa da karatu.

4. Sayen kaya da lissafin kuɗi

Farashin kebul yana bin dala da farashin kofa, mai shago zai iya ba ka kuɗi yau jibi ya ce ya canza, don haka ka karɓi farashi daga shago uku a rana ɗaya kuma ka saya a satin. Ga abin da za ka sa a takardar lissafi in ramin mita 60 ne: kebul mita 65 zuwa 75 gwargwadon inda mita take, yashi mai laushi kusan kubik mita 3 da rabi, bulo kusan 135 in za ka jera shi bisa tsawonsa ko kuma sulab na kankare, tef na gargaɗi naɗi ɗaya, fayif na PVC mai kauri na wuraren da mota za ta taka, fayif ɗin ƙarfe guda ɗaya na jikin falwaya, gilan (abin da ke damƙe bakin kebul a jikin akwati) guda biyu daidai da kaurin kebul, log (ƙarfen da ake matsewa a bakin waya don a ɗaure ta), sandar atin (wadda ake kafawa a ƙasa ta kwashe wutar da ta zurara) da wayarta, akwatin bireka, kuɗin haƙa, kuɗin mai wayarin, kuɗin gwaji, da abin da kamfani zai caje ka na haɗi da mita. Kebul ɗin shi kaɗai zai cinye kaso mafi tsoka, sauran duk tarkace ne a kansa, shi ya sa abin haushi ne mutum ya sayi kebul mai tsada sannan ya tsaya rowar yashi.

Na kamfani kuwa ka biya ta hanyar da za a ba ka rasit, ba a hannun wani a gindin falwaya ba.

Yanzu batun jabu. Kebul ɗin da ake yi a Najeriya yana da suna mai kyau, irin su Coleman, Cutix da Nigerchin, kuma saboda sunan ne ma ake buga na ƙarya da tambarinsu. Ka saya a wurin dilan da kamfani ya sani. A jikin kebul na gaske za ka ga sunan kamfani, kauri, da 600/1000V an buga su a jere, da yawa har da lambar mita don ka san tsawon da aka yanko maka. Sa a yanko maka ɗan guntu kamar tsawon yatsa a gabanka. Kankare silin da wuƙa, in ciki fari ne to alminiyam ne aka shafa wa kofa. Kara maganaɗisu a kan silin kofar, in ya kama to ƙarfe ne, amma fa ka cire sulken tukuna don shi dama ƙarfe ne. 16mm sili bakwai ne kowane kusan 1.7mm, 10mm sili bakwai masu 1.35mm, in mai wayarinka yana da abin awon kauri ya auna. Kofar da ke cikin mita ɗaya ta 16mm mai jijiya huɗu ta haura rabin kilo ita kaɗai, ban da sulke da roba, saboda haka in ka ɗaga ka ji shi sakayau to ka ajiye musu kayansu.

Gargaɗi: a yanko maka shi guda ɗaya ɗungurungum. Kar ka karɓi "saura biyu ne za mu haɗa maka da rangwame." Sannan a toshe bakin nan biyu da hula ko tef sosai tun a shago, ruwa in ya shiga tsakanin sulke da roba tafiya yake yi ciki.

5. Haƙa rami

Zurfi santimita 60 zuwa 70 a cikin gida, wato ya wuce gwiwar babban mutum sosai, ƙafa biyu da 'yan kai. Inda mota za ta taka, kamar bakin get da layin unguwa, a kai shi santimita 90 zuwa mita ɗaya. Faɗi kamar santimita 30, faɗin shebur da ɗan ƙari. Kuma daga inda ƙasa za ta tsaya bayan an gama cike da intalok ake awo, in kuma za a kwashe ƙasa ne a daidaita fili to ka lissafa da wannan.

Leburori ka yi ciniki da su a kan mita, ba a kan yini ba, amma ka yanki sanda daidai zurfin da kake so ka ba su, kai ma ka riƙe irinta. Ka bi ramin da kanka kana dangwala ta. Kullum farkon rami da ƙarshensa suna cika zurfi, tsakiya ne inda rana ta take kuma aka ci karo da marmara ake samun rabin zurfi. In ƙasar ta yi tauri irin ta rani a zuba ruwa da yamma a bar shi ya kwana. Da damina kuma kar a haƙa a bari, ruwa ɗaya zai rufta shi, ga yaran unguwa ga awaki.

A tsince duk dutse, fasasshen bulo, guntun rodi da kwalba daga ƙasan ramin. Sabon gini cike yake da su.

6. Yashi, fayif, sannan kebul

Zuba yashi mai laushi kamar santimita 10 a ƙasan ramin, a baje shi. Ba tsakuwa ba, ba ɓaraguzan gini ba. A wuraren da mota za ta bi da inda aka ratsa katanga ko kwata, a shimfiɗa fayif mai kauri inci 3 ko 4 kebul ya bi ta ciki. Wasu suna sa fayif tun daga farko har ƙarshe, yana da amfaninsa domin ana iya zare kebul a sake wani ba tare da fasa intalok ba, kuma yana ƙara tsare shi daga gara da gafiya, amma kebul a fayif ya fi ɗaukar zafi don haka ƙarfinsa yana ɗan raguwa, kuma kowace kwana sai an yi mata ɗan ɗaki mai murfi. Ni a tsakar gidan da za a yi wa intalok ko kankare gaba ɗaya fayif nake sawa.

Gargaɗi: wayar wayarin ta cikin gida, ko fleks, ko wayar alminiyam ta sama, ba a binne su ko a cikin fayif ne. Fayif na ƙasa ko ba jima ko ba daɗe sai ruwa ya shige shi. Na taɓa tono irin wannan a wani gida, shekara biyu kacal da binnewa, duk damina katangar gidan tana jan yara in sun taɓa get.

Wajen warware kebul a nan ake lalata shi ba a sani ba. In a kan daram yake a zura ƙarfe a tsakiya a ɗaga shi ya riƙa juyawa. In naɗi ne a mirgina shi a bi ramin da shi kamar taya. Kar a kwantar da naɗin a ƙasa a riƙa jan baki ɗaya, murɗewa zai yi, in ya ƙulle aka ja da ƙarfi sulken ya buɗe ya ciji robar ciki. A sa mutum a kowane taku huɗu ko biyar su ɗauke shi su sauke a hankali, ba a jan shi a kan bakin bulo, kuma don Allah ba a ɗaura shi a bayan mota ko adaidaita a ja. A kwana, lanƙwasar ta yi faɗi, aƙalla kaurin kebul ɗin sau goma sha biyu, ga 16mm kamar santimita 30 kenan daga tsakiyar da'irar. A bar shi ya ɗan yi kwance-kwance kamar maciji, kar a ɗame shi kamar tsirkiya, ƙasa tana motsi. Rarar da ka bari a kowane kai a naɗe ta da faɗi a binne a gindin falwaya da bakin gini.

Tunda rami a buɗe yake, ga shawara kyauta: jefa wani fayif ɗin daban mai inci ɗaya ko biyu da igiyar nailan a cikinsa, daga get zuwa cikin gida, ka toshe bakunansa. Ranar da za ka ja intanet, kyamara, ƙararrawar get ko wayar dish za ka yi min addu'a. A bar tazarar santimita 30 tsakaninsa da kebul ɗin wuta, kuma kar a taɓa zura su a fayif ɗaya. Fayif ɗin ruwa shi ma a ba shi irin wannan tazarar.

7. Gwaji kafin a zuba ƙasa

Wannan matakin minti ashirin ne amma shi aka fi tsallakewa. Mai wayarin ya zo da mega, wato na'urar gwada ko robar kebul tana zurarar da wuta, ba ƙaramar mitar gwada batir ba, ya sa ta a bolt 500. A buɗe bakin kebul biyu a raba jijiyoyin kar su taɓa juna, a kori yara daga ɗaya bakin. A gwada kowace jijiya da 'yar uwarta, a mai jijiya huɗu gwaji shida kenan, sannan kowace jijiya da sulke, huɗu, jimla goma. Mafi ƙarancin abin da ƙa'ida ta yarda da shi megohm 1 ne, amma sabon kebul lafiyayye ɗaruruwa yake nunawa ko ma ya ƙure mitar, don haka in ka ga sabo fil yana nuna 2 ko 5 to akwai rauni a wani wuri, a nemo shi yanzu. A kuma gwada cewa kowace jijiya da sulken sun kai daga wannan baki zuwa wancan. Bayan gwaji a haɗa jijiyoyin da sulke, ba da hannu ba, a sauke cajin da ya rage. Ka rubuta sakamakon a takarda da kwanan wata.

Ka tsaya a wurin da kanka. "Oga mun gwada lafiya lau" ba sakamako ba ne.

8. Rufewa

Kafin shebur ɗaya ya sauka ɗauki waya ka yi hoto da bidiyo na ramin gaba ɗaya, da tef ɗin awo a miƙe daga katanga zuwa kebul a wurare uku ko huɗu. Sannan yashi santimita 10 a kan kebul, sai a jera bulo ko sulab a kai, sai ƙasa mara duwatsu ana zubawa ana dannawa kaɗan-kaɗan. In ya rage kamar santimita 20 zuwa 30 a cika sai a shimfiɗa tef ɗin gargaɗi mai launin rawaya ko ja a bi tsawon ramin, sannan a ƙarasa. Amfanin tef shi ne mai haƙa ya gan shi tun diga ba ta kai ga bulo ba, in ka manna shi a jikin kebul ba shi da wani amfani.

Na ga ranar wannan da idona. Wani gida da muka yi, bayan shekara ɗaya maigidan ya kawo masu haƙa ramin tankin ruwa ba tare da ya kira ni ba, yaron yana sara sai ga leda rawaya ta fito a bakin diga, ya tsaya ya kira ogansa. Da babu ita, saran uku na gaba a kan wuta za su sauka.

Gargaɗi: shimfiɗawa, gwaji da rufewa duk a yini ɗaya. Kebul ɗin kofa ba ya kwana a buɗaɗɗen rami, masu yankan dare suna sane da duk sabon ginin da ke unguwa. A sake gwajin mega bayan an rufe, domin wani lokaci garin rufewar ne ake jefa masa dutse.

9. Haɗa bakuna da atin

A jikin falwaya kebul ya hau ta cikin fayif ɗin ƙarfe har kamar mita 3 daga ƙasa, a ɗaure shi gam, a toshe bakin sama kar ruwan sama ya bi ciki. A cikin akwati kuma kowane baki da gilan ɗinsa na tagulla wanda zai damƙe silin sulken, a fitar da wayar atin daga gilan ɗin zuwa sandar atin ta gida. Sulken nan ba don diga kawai aka yi shi ba, in wani abu ya huda kebul shi ne zai kwashe wutar ya sa fis ko bireka ta faɗi. In aka yanke shi aka naɗe da baƙin tef, kamar yadda ake yawan yi, an kashe rabin amfanin kuɗin da ka biya. Saboda haka ma nake sa bireka ko katawut, wato akwatin fis, a farkon layi bayan mita, don kebul ɗin da ke ƙasa ya samu mai tsaronsa, ba sai fis ɗin taransifoma ba.

Bakin jijiyoyi a sa musu log a matse da abin matsewa, ba a buga da guduma ba. Inda kofa zai haɗu da alminiyam, kuma wayoyin kan falwaya galibi alminiyam ne, sai da mahaɗi na musamman mai ƙarfe biyu. In aka murɗa su kawai wurin zai yi farin gari, ya riƙa zafi, wuta ta riƙa kiftawa, wata rana ya ƙone.

Gargaɗi a kan launi, a kula sosai: tsohon tsari ja, rawaya da shuɗi su ne masu wuta, baƙi shi ne nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta. Sabon tsari ruwan ƙasa, baƙi da toka su ne masu wuta, shuɗi shi ne nutural. Ka ga baƙi da shuɗi sun yi musayar aiki, kuma duka biyun suna kasuwa. In aka ruɗe aka sa mai wuta a mazaunin nutural a gidan fes uku, bolt 400 zai shiga kayan da aka yi don 230, talabijin da firji da caja duk su tafi a minti ɗaya. A yi wa kowace jijiya alama a bakin nan biyu tun lokacin gwaji.

Sandar atin a kafa ta inda ƙasa ke da danshi, a auna ta da mita ba a yi ƙiyasi ba. Gishiri da gawayi da ake zubawa suna taimakawa da farko, amma gishirin yana cin sandar a hankali, gara a ƙara sanda ta biyu a haɗe su. A DB kuma a sa bireka mai faɗuwa in wuta ta zurara, wadda ake ce wa ELCB ko RCD. In akwai janareta ko sola, kebul ɗin nan canji-oba zai fara shiga, don kar wutarka ta koma layi ta kama ma'aikacin da ke kan falwaya.

10. Ranar jona wuta

Hawa falwaya aikin ma'aikatan kamfani ne, ba na mai wayarinka ba, komai ƙwarewarsa kuma ko an ɗauke wuta, don ba wanda ya san lokacin da za a dawo da ita. Kafin su jona a kashe babbar bireka ta gida. In sun jona a auna a bakin akwati tukuna: tsakanin kowane mai wuta da nutural a ga kusan 230, tsakanin masu wuta biyu kusan 400. Sai an ga haka sannan a ɗaga babbar bireka, a riƙa kunna ƙananan ɗaya bayan ɗaya. Kunna AC da hita da sumo su yi kamar awa ɗaya, sannan a kashe a taɓa wajen gilan da murfin akwati a ji ko akwai inda ya yi zafi, in akwai to log bai matsu ba. A kuma auna boltej a get da kuma a DB lokacin da lodi ke kai, bambancin shi ne asarar da muka lissafa a mataki na biyu.

Hotunan ramin nan ka wanke biyu ko uku, ka zana 'yar taswira a takarda da awon tazara daga katanga, ka haɗa da takardar gwaji da rasit ɗin kebul ka ajiye tare da takardun fili. Kwafi ɗaya kuma a sa a leda a manna a cikin murfin DB, a jikin katanga daga ciki a sa ɗan fenti ja a inda kebul ya shigo da inda ya yi kwana. Mai intalok in ya zo ka nuna masa alamun kafin ya fara kafa turakunsa.